Kallon Kitse Ake wa Rogo: Ƙibar Ƙwaya, Man Bilicin da Kwanciyar Hankalin Matanmu

A wannan fili an saba yin bayani a kan cututtukan da ido ke gani, kamar masassarar cizon sauro, zawo, ƙyanda da ciwon ido. Yau za mu taɓo wata cuta wadda ba ta zuwa da zafin jiki ko ƙurji, amma tana hana barci, tana raba mutum da jama'a. Ita ce baƙin cikin da mutum ke yi da surar jikinsa, har ya kai ga shan abin da zai cuce shi don a daina yi masa dariya. Ta fi kama mata da ƴanmata, nan Tabla da sauran garuruwan Tagazar, har can Filinge da ƙasar Kurfai.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, alhakin cutar ya fi rataya a wuyan masu magana, wato mu mazaje da iyaye da maƙwabta, fiye da wadda ta haɗiyi ƙwayar. Ga dalilaina.

Daga ina son ƙiba ya samo asali?

Kakanninmu ba su so ƙiba don wauta ba. Ƙasarmu ƙasar fari ce. A 1931 fara da ƙarancin ruwa sun haddasa yunwa mai tsanani a yammacin Nijar. An sake shiga wata a 1973 da 1974, aka ƙara a 1984, sannan aka yi ƙarancin cimaka a 2005 da 2010. A irin waɗannan shekaru, mai jiki shi ne wanda rumbunsa bai ƙare ba. Matar da ta cika ta yi ɓul-ɓul shaida ce cewa gidan mijinta da hatsi, da nono, da mai taya ta aiki. Ramammiya kuwa, sai a ce yunwa ce ko rashin kulawa.

Shi ya sa maƙwabtanmu Zabarmawa suke da bikin Hangandi, inda mata ke kiwon jikinsu, a yaba wa wadda ta fi cika. Can arewa, Larabawan Azawak sun daɗe suna ɗura wa yara mata madara da kunu tun suna ƙanana. Wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta zauna cikinsu, ta fitar da littafi a kan al'adar a 2004. A Muritaniya ma an san wannan ɗura.

Da cutar sida ta bayyana, sai rama ta ƙara zama abin tsoro. Mace ta yi jinyar wata biyu ta faɗa, sai raɗe-raɗi ya tashi a bakin rijiya. Alhali ido ba ya gane mai sida. Awon jini kaɗai ke nunawa.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne hanya. A da ana neman ƙiba da fura da nono da hutu. Yanzu ana nemanta a tiren mai tallar magani. Tun a 2001 jaridar New York Times ta Amurka ta buga labarin matan Maraɗi masu shan ƙwayoyi, har da abubuwan da aka yi don dabbobi, saboda su yi jiki. Shekaru fiye da 20 ke nan, kuma tiren ya iso har ƙauye.

Yadda magana ke zama ciwo

Mu duba rayuwar matar manomi. Ta tashi da asuba ta yi daka, ta ja ruwa, ta nemo itace, ta kai abinci gona, ga goyo a baya, wani lokaci ga ciki. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 46 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ya kuma nuna cewa a matsakaici mace tana haihuwar yara fiye da 7. Jikin da ke ɗauke da wannan nauyi, ina zai samu sararin tara kitse?

Maimakon a tausaya mata, sai a bi ta da suna. A ce mata tsinke, a ce karan dawa. Uwar miji ta ce tana kunyata gidan, kamar ba a ba ta abinci. Kishiya ta yi habaici a tsakar gida. Miji ya yaba wa matar wani a gabanta, yana cewa wasa yake yi. Budurwa kuma ta ji ana cewa baƙinta ya yi yawa, ba za ta yi kasuwa ba.

Magana zarar bunu ce. Wanda ya faɗa ya manta kafin magariba, wadda aka faɗa wa kuwa da ita za ta kwana. In abin ya yi ta maimaituwa, sai ta fara ganin kanta da idon masu zaginta. Ta daina zuwa suna da biki. Ta riƙa ninka zane biyu ko uku a ƙugu cikin zafin bazara don a ga ta cika. Ta riƙa zargin duk wanda ya yi dariya da ita yake. Wannan shi ne mafarin abin da likitoci ke kira ciwon damuwa. Ciwo ne na gaske kamar hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce ya fi kama mata fiye da maza.

A wannan hali ne ƙawa za ta raɗa mata cewa akwai ƙwaya.

Me ke cikin ƙwayar?

Ƙwayoyin ƙiba da aka fi sayarwa iri biyu ne. Ta farko ita ce deksametazon da danginta, wadda a kasuwannin ƙasar Hausa ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe". Magani ne mai ƙarfi kuma mai amfani a hannun likita. Ana ba da shi ga mai fuka mai tsanani da mai kumburi, kuma a 2020 an gano yana ceton waɗanda cutar korona ta kwantar. Amma likita yana auna shi, yana ƙidaya kwanakinsa.

In mace ta yi watanni tana sha ba bisa ƙa'ida ba, ga abin da ke faruwa. Jiki yana riƙe ruwa da gishiri. Kitse yana taruwa a fuska, a ƙeya da ciki, har fuska ta zama kamar faifai. Naman hannu da na cinya kuwa yana narkewa, ƙarfi ya ragu, hawa tudu da tulu ya gagara. Sukari yana hawa a jini, hawan jini ya biyo baya. Ƙashi yana yin rauni. Garkuwar jiki tana faɗuwa, sai tarin fuka da sauran cututtuka su samu ƙofa. Al'adar wata tana rikicewa. Fata tana tsagewa da nankarwa.

Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan ƙwaya tana taɓa ƙwaƙwalwa. Tana hana barci, tana sa saurin fushi da faɗuwar gaba, tana jawo baƙin ciki ba dalili. Wasu har sambatu suke yi, a ɗauka iskoki ne. Ashe wadda ta sha don ta huta da damuwa ta ƙara wa kanta wata.

Ta biyu ita ce siproheptadin, wadda ke zuwa a ƙwaya ko a ruwan kwalba mai zaƙi. Asalinta maganin ƙaiƙayi da borin jini ce, sai dai tana buɗe ciki. Tana kuma sa barci mai nauyi da jiri. Ku tuna matar da ke tsaye bakin rijiya, ko gaban murhu da jariri a baya, kanta yana juyawa. Wasu iyaye ma suna ba yara ƙanana ita don su yi ƙiba, alhali ba a binciki abin da ya hana yaron cin abinci ba.

Maganin dabbobi kuwa, an auna shi ne da nauyin sa da raƙumi. Ba na bakin ɗan Adam ba ne ko kaɗan.

Darasi daga kasuwar dabbobi

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya ga yadda gwanin saye ke duba rago. Ba ya tsayawa ga girman ciki. Yana dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya duba haƙora da ido, ya sa a ja ragon ya ga tafiyarsa. Ya san akwai mai ba dabba gishiri da ruwa da safe don cikinta ya cika. Ya san ƙibar kirki daga harawa da dusa da kulawar watanni take fitowa. A gidan kiwo na Tukunus, kusa da Filinge, darajar saniyar Azawak tana ga nononta da lafiyarta da ƴaƴan da take bayarwa.

To, ilimin da muke da shi a kan rago, me ya sa muke ajiye shi a bakin ƙofa in mun shigo gida? Ƙibar ƙwaya kumburi ce. Wanda ya ga matarsa ta cika cikin wata ɗaya ya yi murna, kallon kitse yake yi wa rogo.

Man bilicin

Ƙanwar ƙwayar ƙiba ita ce man sauya launin fata. A wani rahoto na 2011, OMS ta kawo ƙididdigar mata masu shafa irin wannan mai: kashi 25 cikin 100 a Mali, 27 a Senegal, 59 a Togo, 77 a Najeriya. Kayan da ake sayarwa a waɗannan ƙasashe su ne ke shigowa kasuwanninmu.

Abubuwa uku aka fi zubawa a ciki. Akwai hidrokinon, wanda ke kashe launin fata, daga baya ya bar baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita. Akwai dangin deksametazon na shafawa, masu sa fata ta yi siriri kamar takarda, ƙuraje da makero su yawaita, rauni ya ƙi warkewa. Wannan babban haɗari ne ga matar da za a yi wa aiki wajen haihuwa. Sai kuma zaiba, wadda ke ratsa fata ta shiga jini. Tana lalata ƙoda, tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. OMS ta lissafa fargaba da ciwon damuwa cikin illolinta.

Baƙin fata rumfa ce da ke kare mu daga zafin rana. Matar da ke yini a gona ko a garka ta fi kowa bukatar wannan rumfa. Saboda waɗannan illoli ne Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa a 2023.

Akwai kuma tarko a ciki. In mace ta daina shafawa, fata takan koma ta fi da duhu na ɗan lokaci, sai masu dariya su dawo. Don haka take ci gaba, ko da ta ga illa. Kuɗin da za a sayi tiyar wake ko sabulu sai ya tafi ga kwalba, wani lokaci a ɓoye, wani lokaci da bashi. Ɓoyo da bashi su ma suna hana barci.

Ma'aunin kyau ba ya tsayawa wuri ɗaya

Wani zai ɗauka abin da muke kira kyau haka yake tun fil azal. Ga labarin tsibirin Fiji, can tsakiyar teku. Mutanen wurin kamar mu suke, suna son mace mai jiki. A 1995 talabijin ta isa wani yankinsu, tana nuna finafinan Turawa masu siraran mata. Wata likita mai suna Anne Becker ta yi bincike a makarantun yankin. A 1995 ba ta samu yarinyar da ke sa kanta amai don ta rame ba. A 1998 ta samu kusan 11 cikin 100 suna yi. Shekara uku kacal.

Yau abin da ya fi talabijin yana cikin aljihun ƴaƴanmu. Hotunan da ke yawo a Facebook, TikTok da WhatsApp, da yawansu an gyara su da na'ura: an haska fuska, an matse ciki, an faɗaɗa ƙugu. Mai hoton ma ba haka take ba in ka gan ta da ido. A 2021 wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook sun fito fili. Sun nuna cewa cikin ƴanmatan da ke jin ƙyamar jikinsu, kusan 1 cikin 3 sun ce kallon Instagram yana ƙara musu ƙyamar.

Ga shi yanzu a birni wasu na shan shayin rage ciki, a ƙauye wasu na shan ƙwayar ƙiba. Ɗiya ɗaya za ta iya jin an ce ta rame a Tabla, ta je Yamai a ce ta yi teɓa. Wanda zai bi bakin mutane da jikinsa ba zai taɓa isa masauki ba.

Samari ma ba su tsira ba. Akwai mai jin kunyar gajarta ko rashin ƙirji, yana son ƙirar ƴan kokawa, har ya faɗa wa ƙwayoyin ƙarfi irin su tramol. Akwai zabiya, da wanda shan inna ta taɓa, da mai tabon ƙuna, waɗanda tun suna yara ake kiransu da lahaninsu maimakon sunansu.

Amsa ga masu cewa ba kome

Wasu za su ce al'adarmu ce, kwalliya kuma ba laifi ba ce. Gaskiya ne. Lalle, kitso, kwalli, turare da man shanu ko man kaɗe na gyaran fata duk ado ne mai kyau, ba wanda ya hana. Wadda Allah ya yi ta mai jiki ita ma kada a tsangwame ta. Amma kakanninmu ba su san deksametazon ba. Ba za a jingina wa al'ada abin da aka ƙera a masana'anta jiya ba.

Wasu za su ce jikinta ne, ita ta zaɓa. In an tambayi masu sha, amsar da aka fi ji ita ce tsoro: tsoron kishiya, tsoron saki, tsoron rasa mijin aure. Zaɓin da aka yi cikin tsoro, wanda ya tsoratar yana da kaso a cikinsa. Shi ya sa na ce gyara daga bakinmu zai fara. In aka tsaya ga zagin masu shafa mai, an ƙara musu wani zagin ne a kan na farko.

Alamomin da ya kamata a lura da su

A kula da mace ko yarinya in aka ga waɗannan sun wuce mako biyu: rashin barci ko yawan barci, kuka ba dalili, ƙin shiga mutane, daina jin daɗin abin da ta saba so, rashin cin abinci, yawan cewa ita ba ta da amfani. A ƙara kula da mai jego, domin OMS ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. In har ta ambaci cewa gara ta mutu, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar ta ita kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai, a kai ta asibiti a ranar.

Ciwon damuwa yana da magani. Ana farawa daga gidan likita mafi kusa. In ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin gunduma, kuma babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu wannan lalura. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Abin da kowa zai iya yi

1. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar ƙiba kada ta yanke ta rana ɗaya. Jiki ya saba da ita, yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi, mutum ya suma, har a rasa rai. Ta ɗauki kwalin ta kai wa likita, ta faɗi gaskiyar watannin da ta yi tana sha. Shi zai rage mata sannu a hankali.

2. Wadda ke ramewa ba dalili ta je a bincika. Sau da yawa sanadin shi ne ƙarancin jini, tsutsar ciki, masassara mai komowa, ciwon sukari, ko haihuwa kusa da kusa. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina a auna.

3. Maigida ya ware wa gida rabonsa kafin ya kai amfanin gona kasuwa. Wake, gyaɗa, riɗi, ƙwai, nono, zogale da ganyen kuka su ne masu gina jiki da ƙara jini. Ruwa yana kusa a Dallol Boso, ƙaramar garka a rani tana ciyar da gida ganye da tumatir. Mai ciki da mai shayarwa a ƙara musu, kada su zama na ƙarshe a bakin kwano.

4. A rage wa mace aiki. Amalanken da ke kai hatsi kasuwa zai iya kawo ruwa da itace gida.

5. A duba sunan magani a jikin kwali kafin a saya. In an ga deksametazon ko hidrokinon, ko kuma kwalin ba shi da rubutu sam, a bar shi. Magani a kantin magani na hukuma ake sayensa, da takardar likita.

6. Iyaye su daina kwatanta ƴaƴa, a ce wannan fara ce, waccan baƙa. Kada a shafa wa jariri ko yaro man sauya fata. A yaba wa yarinya a kan hankalinta da aikin hannunta, ta ji da kunnenta.

7. Masu gari, limamai, ungozomomi da shugabannin ƙungiyoyin mata su ɗauki zancen zuwa taro. Abin da aka faɗa a fili, kunyarsa tana raguwa.

Daga ƙarshe ina kira ga ƴan'uwana maza. Mafi yawan kwalaben nan don mu ake sayensu. Wanda matarsa ta rame, ya tambaye ta abin da ke damunta, ya raka ta gidan likita, ya tsawata wa mai yi mata habaici ko da ƴar'uwarsa ce. Wanda ya gane matarsa tana shan ƙwaya, kada ya yi mata tonon silili, ya taimake ta ta rabu da ita a hannun likita. Saurayi mai neman aure ya sanar da budurwarsa cewa launin da ya gan ta da shi ya ishe shi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a gonakinmu da garkunanmu. Amin.